Amsa: Tabar gari da ake dasawa a leɓe ta fi sigari sauƙi ne?

Ɗan'uwa mai tambaya daga Garwa, ka ce kana son barin sigari ka koma tabar gari tunda ba ta da hayaƙi. Huhu kam zai huta, amma cutar za ta koma baki.

Matsalar tana cikin kanwa. Masu daka taba suna haɗa ta da kanwa ko toka don ta yi "ƙarfi", kuma ƙarfin nan ba komai ba ne illa kanwar tana sa nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kasa barin taba, ya ratsa fatar baki da sauri ya shiga jini. Shi ya sa wanda ya saba da ita yake shan wahalar bari kamar mai sigari, wani ma fiye. Ga kuma gubar da ke cikin ganyen kansa, wadda take zama kullum a wuri guda tsakanin leɓe da dasashi. Nan dasashi yake janyewa, tushen haƙori ya fito, daga baya sankarar baki ko ta maƙoshi ta iya tsirowa. Bugun zuciya da hawan jini ma ba ta ƙyale su ba.

Ka riƙa duba bakinka a madubi. Farin tabo da ba ya gogewa, ko gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba, ka kai shi asibiti, kada ka tsaya shafa magani.

In bari za ka yi, sa rana ka bar duka biyun. Kwana 3 na farko su suka fi zafi. Bayan mako 2 zuwa 4 kwaɗayin tabar yana lafawa. Riƙe asuwaki a baki yana rage kwaɗayin.