Me ya sa muka bar hanjin ba a mazauninsa ba?

Dokta, bayan tiyatar jaririn nan mai amai kore ka tambaye ni: "Malam, me ya sa ba mu mayar da hanjin mazauninsa na asali ba, kuma muka cire afendis alhali lafiyarsa ƙalau?"

Fara da cikin uwa. Wajen mako na 6 hanjin ɗan tayi yakan fito ta cibiya don ciki ya yi masa kaɗan, wajen mako na 10 ya koma, tsakanin fita da komawar yakan juya digiri 270 a kan babbar jijiyar da ke ba shi jini. A wannan yaron juyin bai kammalu ba. Kan babban hanji ya maƙale a sama, wasu zare-zare suka taso daga gare shi suka danne farkon ƙaramin hanji. Wannan danniyar ba ta cika tayar mini da hankali ba. Gindin tantanin da ke riƙe da hanjin ne ya zama siriri kamar wuyan gora, duk hanjin na iya murɗewa a kansa, jini ya yanke, cikin 'yan sa'o'i ya yi baƙi.

Saboda haka faɗin gindin nan muke nema. Ka warware murɗar ta gefen da ake ɗawafi, akasin hannun agogo, ka yanke zare-zaren, ka buɗa tantanin, ka kwantar da ƙaramin hanji a dama, babba a hagu. Haka William Ladd na asibitin yara na Boston ya tsara tiyatar a 1936, har yau ba mu sami wadda ta fi ta ba. In ka tilasta wa hanjin komawa wurin da littafi ya zana, ka sake tara gindin a wuri ɗaya ke nan.

Afendis kuwa a jikin kan babban hanji yake, da mun bar shi a hagu zai zauna. Ranar da ya kumbura, likitan da bai san labari ba a dama zai yi ta latsawa, shi ya sa muka cire shi.

Abu ɗaya ban ji daɗinsa ba jiya, ka yi gaggawar cewa a yanke inda hanjin ya yi duhu. Rufe shi da tsumma mai ɗumi, ka jira. Sau da yawa launi kan dawo. In shakka ta rage, rufe cikin, ka sake dubawa bayan sa'o'i 24 zuwa 48. Duk taƙin hanjin da ka yanke, yaron ne zai yi ta biya da rama da gudawa.