Kamun kifin walleye idan ya nutse can ƙasan tafki

Malam, ka ce kana jihar Ohio ta Amurka kuma tun da zafi ya shigo ka daina samun walleye a bakin tafkin Erie, to ba laifin fatsarka ba ne, kifin ne ya koma ƙasa. Idonsa ba ya son haske sosai, kuma ruwa mai sanyi yake bi, shi ya sa da rana tsaka sai ka neme shi a zurfin ƙafa 25 zuwa 40, da asuba ko magariba ne yake ɗan tasowa farauta.

In kana da jirgi abin da zan ba ka shawara shi ne bottom bouncer, wata waya ce mai darma a jiki da ke tafiya tana taɓa ƙasa, ka ɗaura sifina, wato ɗan faifan ƙarfe mai walƙiya da ke juyawa a ruwa haɗe da ƙugiya, a bayanta ka soka tana a ƙugiyar, sai ka riƙa jan jirgin a hankali kamar mil 1 zuwa 1.5 a awa, kar ka yi gaggawa don Allah. In kuma a tsaye kake wuri ɗaya to jig, wato ƙugiya mai darma a kai, ka sa masa ƙaramin kifi ko matsattsaku, ka sake shi har ya taɓa ƙasa ka ɗaga kaɗan ka sake. Walleye ba ya fizga da ƙarfi fa, wani ɗan nauyi kawai za ka ji a zaren, a nan za ka ɗaga sandar.

Kar ka manta da lasisi, kuma a Erie ɓangaren Ohio duk wanda bai kai inci 15 ba dole ka mayar da shi ruwa.