Amsa: me ya sa GABA ba ya fitowa a awon MRS?

Kana tambaya me ya sa ka yi MRS (awon sinadarai da injin MRI) na ƙwaƙwalwa a injin 3T (mai ƙarfin maganaɗisu tesla 3) amma GABA, sinadarin da ke rage aikin ƙwayoyin jijiya, bai fito ba. Gaskiya da PRESS, salon ɗaukar awo na yau da kullum, ba za ka gan shi ba, ɗan kaɗan ne kuma wani sinadari, kiriyatin, ya danne shi a wajen 3.0 ppm a jadawalin sakamakon, sai dai ka koma MEGA-PRESS, salon da ke ware siginar GABA, ka sa TE (lokacin jiran amsawar sigina) 68 ms, a ɗauki awo biyu a debe ɗaya daga ɗaya.

Amma fa in majinyaci ya motsa kai ko kaɗan, deben ya lalace kenan. Ni soso nake cusawa a gefen kunnuwansa, akwatin awon kuma, wato yankin ƙwaƙwalwar da ake aunawa, santimita 3 kowane gefe, ya kwanta shiru kusan minti 10, sannan nake yarda da sakamakon.