Tarɓar baƙi a bazara ba tare da firiji ba

Hajiya, kin tambayi yadda za ki tarɓi baƙi da zafin nan ba firiji. A Maraɗi, Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, don haka ki gayyace su bayan la'asar, shimfiɗa ƙarƙashin dogon yaro. Ki nemi sabuwar randa, ki girke ta kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Tsatsafar da take yi ita ke sanyaya ruwan. Ledar ruwa kuwa, don Allah ki rabu da ita, awakinmu ke haɗiyewa su mutu. Ki dama fura da nono, zoɓo da citta, sukari kaɗan. Kwaɗon zogalen Jiratawa (wani gari kusa da Maraɗi) da ƙuli-ƙuli ya fi soye-soye sauƙi a ciki, amma ki haɗa shi dab da zuwansu, don ba ya jure zafi.