Saƙon da ka goge yana nan daram

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Amurka, ina bin gasar ƙwallon jami'o'i. Na ji an ce an gano saƙonnin tes da wani kocin Michigan ya goge daga wayarsa. Ashe abin da aka goge yana dawowa?

Amsa: Ƙanena, yana dawowa mana, kuma bakina ya gaji da faɗar haka a wannan fili. Sherrone Moore kake nufi. A Oktoban 2023, yana mataimakin koci, ya goge saƙonni 52 da suka yi da Connor Stalions, ma'aikacin da aka kama da leƙen alamomin da kociyoyin abokan karawa ke yi wa 'yan wasansu. Aka kwafe ƙwaƙwalwar wayar, sai ga saƙonnin. Gogewar kanta ta zama laifi na daban.

In ka danna gogewa, wayar tana rubuta wa gurbin "babu kowa" ne kawai, saƙon na zaune har sai wani bayani ya hau kansa. A iPhone ma akwai akwatin da ke riƙe shi wajen kwana 30. Ga kwafin da ke wayar wanda ka tura wa, ga na iCloud ko Google, ga kamfanin layi da ke rubuta lamba, lokaci da tsawon kira. Takardun kuɗin waya ne suka tona asirin Kelvin Sampson, kocin ƙwallon kwando: kira 577 da doka ta hana, shi da mataimakansa suka yi wa matasan 'yan wasan da suke zawarci a jami'ar Oklahoma. Ya koma Indiana aka sake, ya ajiye aiki a 2008.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne shugaban da zai ce "ban sani ba" alhali wayar aikin yaransa tana ƙarƙashin ofishinsa. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta toshe wannan ƙofa. Daga 2013 ana ɗaukar babban koci da alhakin laifin mataimakansa sai in ya nuna yana sa ido. Daga Janairun 2023 babban laifi na hawa kansa kai tsaye, sa idonsa sassauci kawai zai iya jawo masa. Jim Harbaugh, babban kocin Michigan a lokacin, ya ce bai san aikin Stalions ba, amma a Agustan 2025 an yi masa takunkumin shekara 10. Ni na goyi bayan wannan doka ɗari bisa ɗari, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wanda ya sani ya yi shiru kuma ya fi muni. A Afrilun 2010 wani lauya ya aika wa Jim Tressel, babban kocin Ohio State, imel cewa 'yan wasansa na sayar da kayan karramawarsu ga mai shagon zanen jiki. Bai kai wa ofishin bin doka ba. Imel ɗin na kwance a rumbun kwamfutar jami'a, aka tono shi, ya sauka a Mayun 2011. Shi ya sa kullum nake cewa a raba wayar aiki da ta gida, a kunna ajiyar kwafi, saƙo mai wari kuma a miƙa shi ga wanda ya dace a ranar da ya shigo.

Tambaya: Wayata na zafi in ina kallon wasa kai tsaye.

Amsa: Kana kallo tana caji, ga rigar waya mai kauri kamar bargon hunturu. Cire rigar, zare cajar, rage ingancin hoton zuwa 480p.

Tambaya: WhatsApp ya cinye mini wuri.

Amsa: Hotunan barka da Juma'a na shekara uku ne. Shiga saitin ma'ajiya ka share manyan fayiloli, sannan ka kashe saukar da bidiyo da kansa.