Amsa ga mai son sayen jikan Baloubet

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi. Ka ce dillali ya kawo maka tallar dukushi ɗan shekara biyu, wai jikan Baloubet du Rouet ne, shahararren ingarman nan na gasar tsallaken shinge, kana son sanin ko sunan kakan kaɗai ya isa ka zuba abin da ka tara. Wallahi da irin wannan zaƙin bakin aka cuce mu, ni da abokin aikina, lokacin muna aikin barga a Beljiyam.

Ba raina Baloubet nake yi ba, wa ya isa? Kofin Duniya na tsallaken shinge uku a jere da mahayi Rodrigo Pessoa a bayansa, Helsinki 1998, Gothenburg 1999, Las Vegas 2000, kuma babu dokin da ya sake jera uku haka. Ga zinaren Olamfik na Atina 2004, duk da sai a 2005 aka miƙa wa Pessoa, bayan an ƙwace daga hannun Cian O'Connor saboda maganin da aka samu a jinin dokinsa. Amma ingarman da ya yi suna haka 'ya'yansa suna da yawa, jikoki kuwa ba a magana, sun cika Faransa da Holan da Jamus. Dillali zai ambata maka fitattun 'ya'yansa, Chaman na mahayi Ludger Beerbaum, da Sydney Une Prince da ta ci zinare da tawagar Faransa a Rio 2016, da Palloubet d'Halong da aka ruwaito an saya Yuro miliyan 11 a 2013. Ba zai taɓa gaya maka labarin sauran da ke makarantun koyon hawa suna zagaye da yara ba.

Namu dillalin, Allah ya isa tsakanina da shi. Mutum ne da muke ba shi kofi a bargarmu, ya san albashinmu, ya san muna aika kuɗi gida. Ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko dai da yarensu ya faɗi makamancin haka. Ya kawo hotunan ƙashi daga likitansa, tas babu komai. Dukushin da ya sayar mana, shi ma wai jikan Baloubet, ja ne mai farin goshi kamar kakan, idonsa a tsaye, ba ya son a taɓa masa kunne. Muka ciyar da shi, muka biya mai horarwa, abokina har ya fasa zuwa bikin ƙanwarsa. Da ya kai shekara huɗu muka samu masu saye daga Holan. Ranar ba zan manta da ita ba. Ana yayyafi, na kwana ina goge shi, na yi masa kitson geza. Ya tsallake ƙaramin shinge lafiya lau. Aka ɗaga sanda ta haura mita ɗaya kaɗan, ya tashi kamar ba ya da nauyi, har matar da ta zo saye ta tafa. Yana sauka sai na ga ƙafar baya ta hagu ba ta taka daidai ba. Taku uku ya fara ɗingishi. Matar ta rufe littafinta, ko sallama ba su tsaya yi ba. Dillalin nan yana jingine da shinge, hannu a aljihu, ya ce da ni a gaban mai gidanmu wai mu muka lalata shi da gaggawa. Ni riƙe da linzami, ruwa na zuba a wuyana, na kasa cewa komai. Da wani likita ya sake ɗaukar hoto sai ga ɓarin ƙashi a gaɓar, ya ce wannan ya daɗe a wurin. Hotunan farko na wane doki ne? Sai Allah. Har yau in na hango mutumin a filin gasa sai na sauya hanya.

Don haka likitan da zai duba ya zama naka, kai ka biya shi, kana tsaye a ɗauki hoton. A karanta lambar shaidar da aka dasa a cikin wuyan dukushin da na'ura a gabanka, ka gwada da ta fasfonsa, wato takardar shaidar dokin. In haifaffen Faransa ne yana cikin SIRE, rajistar dawakin ƙasar, duba da kanka.

Sannan ka tambayi uwar. Me ta tsallake? 'Ya'yanta na baya suna ina? Shi kansa Baloubet, ubansa Galoubet A ɗan Almé ne, amma uwar Galoubet, Viti, irin dawakin tseren sassarfa ce. Jini ta gefe biyu yake zuwa. Kuma jika ta ina? Ta Balou du Rouet, uban Bianca ta Steve Guerdat, ko ta wani ɗan da ba wanda ya taɓa jin sunansa?

Wani abin kuma, jinin nan yana da zafi. Ka tuna Olamfik na Sidni 2000, kowa ya gama ba Pessoa zinare, Baloubet ya tirje sau uku aka fitar da su. Wannan fa Pessoa ne a kai, wanda ubansa Nelson ya fara hora dokin. Namu ma kafin ƙafar ta nuna, ya sha yar da mahayi saboda leda ta motsa a bakin fili. In ba ka da mai hannu mai sanyi da zai hau maka shi, za ka sha wuya ko da ƙashinsa lafiya ƙalau.

Kar ka bari su matsa maka da zancen wai akwai wani mai saye gobe da safe. Mu ma haka aka ce mana. Ka lissafa kuɗin barga da ciyawa da mai gyaran kofato har ya kai shekara biyar ko shida, domin kafin nan ba za ka san ko na babban shinge ba ne. Kuma kar ka ci bashin kowa a kai, abokina sai da ya sayar da filinsa na gida. Turo mini sunan uwar da na ubanta ta akwatin saƙo, akwai wani dattijo a Normandi ta Faransa da ya san gidajen kiwon yankin, zan tambayar maka.