Tambaya da Amsa: Na kauce da idona, amma gem ya ce na mutu

Tambaya: Salamu alaikum malam. Don Allah ina da tambaya kan gem ɗin macijin nan slither.io da ake bugawa a burauza, ni ɗalibi ne a Zariya kuma kusan kullum bayan isha'i nake ɗan taɓawa. Abin da ke ƙona min rai shi ne sai na yi minti ashirin ina kiwon macijina ya zama jibgege, in hango wani ɗan tsurut ya nufo ni in kauce, wallahi da idona nake ganin na kauce, kawai sai allon ya daskare ya dawo wai na mutu. Wayata ce ta tsufa ko wani wayo ake yi mana?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba wanda ya yi maka wayo, nisa ne ya ci ka. Gem ɗin nan da wani Ba'amurke Steve Howse ya fitar a 2016 ba a cikin wayarka ake yanke hukuncinsa ba, wayarka ɗan aike ce kawai, duk juyin da ka yi da yatsa sai ta aika wa sabar gem ɗin, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da wasan can nesa, ita sabar ce alƙali, ita ke cewa kan wane ya taɓa jikin wane sannan ta dawo maka da sakamako. Lokacin da saƙon ke ɗauka ya je ya dawo shi ake kira ping, da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin 1000 na sakan.

To duba tafiyar da saƙonka ke yi: daga ɗakinka zuwa ƙarfen sabis, daga nan zuwa Legas, ya faɗa wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da ta bi ta Fotugal, ya isa Turai, sannan ya juyo ta hanyar da ya bi. Wanda ke zaune kusa da sabar nasa ya je ya dawo kafin naka ya kai rabin hanya, shi ya sa kai kana ganin ka kauce amma a wurin alƙali tuni kanka ya daki gefen yaron. In ka tuna ranar 14 ga Maris 2024, cikin azumi, da wayoyin teku huɗu suka samu matsala ta wajen Kwaddebuwa har intanet ya dinga jan ƙafa a Afirka ta Yamma, to wannan hanyar ce macijinka ke bi kullum.

Sannan ka zaɓi lokacin da ya fi kowane cunkoso, bayan isha'i kowa a unguwa ya kwanta yana kallon bidiyo. Gwada bayan asuba ka ga bambanci. Kar ka buɗe shi a Opera Mini, ita tana tace shafi ne a nata kwamfutocin kafin ta miƙo maka, irin wannan gem ɗin ba ya tafiya haka, yi amfani da Chrome ko Firefox, ka kashe hotspot in ka jona wa abokai, ka rage ingancin hoto a shafin farko na gem ɗin. In kana son wanke wayar daga zargi, sauke manhajarsa a wayar ka kara da macizan da manhajar ke juyawa da kanta ba tare da data ba, in ya tafi sumul to sabis ne, in can ma yana sarƙewa wayar na zafi kamar an ɗora ta a murhu to ita ce.

Ni dai da na gane haka sai na bar gaba-da-gaba, ina bin gefe ina tsintar abin da manya suka zubar in sun mutu, in na yi tsawo sai in naɗe ƙarami a tsakiya in dinga matse da'irar a hankali. Ba burgewa amma ana daɗewa.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya ƙwallafa rai a wani wasan ƙwallaye masu haɗiye juna, Agar.io yake ce masa. Ba caca ba ce kuwa? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya ba caca ba ce, ba a zuba kuɗi don a ci na wani. Wani matashi ɗan Barazil Matheus Valadares ne ya ƙirƙire shi a 2015, babba ya haɗiye ƙarami shi ke nan. Abin da za ki sa wa ido uku ne, tallace-tallacen da ke faɗowa, da sunayen banza da wasu ke raɗa wa kansu tunda kowa rubuta abin da ya ga dama yake, sai kuma sayen kwalliya a ciki, don haka kar ki bar katin bankinki a jone da wayar. Amma babbar ɓarnarsa lokaci ce Hajiya, wasan ba shi da ƙarshe, ana cinye ka sai ka ce bari in ƙara ɗaya. Ki yanka masa lokaci, in ya cika ki karɓi wayar ko da yana kan gaba a jerin gwanaye, zai yi ƙunƙuni ya bari.

Tambaya: Wai mene ne .io ɗin nan? Kuma da gaske duk mutane ne nake kara wa da su? Daga Maraɗi.

Amsa: Asalinsa alamar adireshin intanet ce ta yankin Birtaniya na Tekun Indiya, wato tsibiran Chagos, bayan Agar.io ya yi tashe sai kowa ya liƙa wa gem ɗinsa. Shi ya sa ganin .io a suna ba ya nufin mutane ne a ciki, da yawan waɗanda ake saukewa a waya kwamfuta ce ke juya abokan karawar an ba su sunaye da tutocin ƙasashe. Kashe data kana tsakiyar wasa, in suka ci gaba da zagayawa kamar ba abin da ya faru to kai kaɗai ne ɗan Adam a filin.